Zamanin da Gashin Hankaka Ke Kiɗa a Fadar Faransa

Kafin fiyano ya mamaye zaurukan masu hannu da shuni a Turai, wani kayan kiɗa ne ya riƙe sarautar kusan shekara 300, ana ce masa hafsikod. In ka hango shi daga nesa sai ka ce fiyano ne ya rame: doguwar akwatin katako mai siffar fiffike, tsaye a kan ƙafafu, da jerin madannai a gaba. Cikinsa ne ya sha bamban. Fiyano dukan tsirkiya yake yi da 'yar guduma, shi kuwa hafsikod fizgarta yake yi, yadda mai garaya ke fizgar tasa, shi ya sa muryarsa ke fita tas, da ƙyalli, ta ɗan yi jim sannan ta baje. A ƙarni na 18 Faransawa sun kai sana'ar ƙera shi maƙura, a Faransar ma babu gidan da ya sha gaban na Blanchet, waɗanda shagonsu ke titin Verrerie a Paris, daf da cocin Saint-Merri.

Abin da ke fizgar tsirkiyar shi ya fi ba ni sha'awa. Ba ƙarfe ba ne, ba hauren giwa ba. Gindin gashin tsuntsu ne, galibi na hankaka, da ake ferewa da wuƙa har ya dawo ɗan mitsitsi. A ƙarshen kowane madanni akwai wani siririn itace tsaye, wanda akan sassaƙa da icen fiya. A jikinsa akwai ɗan harshe mai juyawa, a jikin harshen aka soke gashin hankakan, a bayansa kuma gashin aladen daji guda ɗaya tak ke tokare da shi. Da makaɗi ya danna, siririn itacen ya yi tsalle, gashin ya fizgi tsirkiyar waya ya wuce. Da ya ɗage yatsa, itacen ya faɗo, harshen ya kauce don kada gashin ya sake kamawa, wani ɗan jan ƙyalle ya sauka a kan tsirkiyar ya rufe mata baki. Babban hafsikod na Faransa yana da hawa biyu na madannai, kowane hawa 61, da jerin tsirkiya uku. Ke nan siraran itatuwa 183, kowanne da nasa gashin, kuma dole a fere su duka su yi ƙarfi ɗaya, kada wani ya yi tsawa ɗan uwansa na raɗa. Babu injin da ke wannan aiki. Kunne ne da wuƙa da haƙuri.

Gashin tsuntsu kuma ba ya dawwama. Yakan bushe, ya tsage, ya karye ana tsakiyar kiɗa, shi ya sa ake ɗan shafa masa man zaitun. Katakon ma da ransa: in damshi ya shigo ya kumbura, in an hura wutar ɗumi da sanyi ya motsa, tsirkiyoyi su saki. Saboda haka wanda ya sayi hafsikod a wancan zamani ya ƙulla zumunci ne da gidan da ya ƙera shi. Yaran shagon za su riƙa zuwa suna ɗaure tsirkiya, suna sauya gashi, suna gaisawa da masu gida, shekara da shekaru. Uba ya ƙera, ɗa ya gyara, jika ya faɗaɗa. Wannan irin cinikin ne ya ɓace, kuma shi nake kewa in na karanta labarin mutanen nan, fiye da zinariyar da ake shafa wa akwatunan.

Tushen gidan shi ne Nicolas Blanchet, mutumin Reims, wanda aka haifa wajen 1660. Ya shigo Paris yana saurayi, a 1689 aka karɓe shi a matsayin cikakken mai sana'a a ƙungiyar masu ƙera kayan kiɗa ta birnin. Shiga ƙungiyar nan ba wasan yara ba ne. Tun 1599, zamanin Sarki Henri na IV, aka kafa mata dokoki: yaro ya yi shekara 6 yana koyo a ƙarƙashin maigida, sannan ya ƙera abu guda da hannunsa dattawan sana'a su duba, in sun gamsu ya biya kuɗi ya buɗe shago. Ɗan mai sana'a ana sassauta masa. Matar da mijinta ya rasu tana iya ci gaba da riƙe shagonsa. Baƙo kuwa, komai iyawarsa, sai ya sha wuya kafin ya samu ƙofa. Ba zan ce tsarin adalci ne ba, don ya danne hazikai da yawa da ba su da uba a sana'ar. Amma shi ya sa ilimi ya zauna wuri ɗaya ya nuna. Kaurin allon amo, inda za a rage shi da inda za a bar shi, tsawon kowace tsirkiya, icen da ya isa yanka da wanda sai ya ƙara shekaru a rumbu, duk ba a littafi ake koyonsu ba. A hannu suke, daga hannu kuma suke wucewa.

A 1722 Nicolas ya jawo ɗansa François-Étienne ya zama abokin tarayyarsa a shago, a 1727 kuma suka koma titin Verrerie. Kyan ɗa ya gaji ubansa, wannan ɗan har ya zarce. Akwai hafsikod na 1730 da ya fito daga shagon uban da ɗan, shekara guda kafin rasuwar tsohon, kuma yana nan har yau. Akwai na 1733 a gidan sarautar Thoiry, yamma da Paris. Wanda ya ga irinsu ya ga abin da Bafaranshen wancan zamani ke kira kyau. Manyan madannai baƙaƙe ne, an lulluɓe su da icen kanya baƙi wuluk, ƙananan na sama kuma farare da ƙashi, kishiyar abin da muka saba gani a fiyano. Allon amo, wato siririn katakon da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ƙara musu murya, an zane shi da furanni da tsuntsaye da malam-buɗe-littafi. A tsakiyarsa an huda rami an sa tambarin dalma da aka shafa wa ruwan zinariya, da haruffan sunan maƙerin. Madannan kuwa ba su da nauyi ko kaɗan, da ka taɓa sun amsa. Da wannan sauƙin hannu aka san gidan.

Ba a banza aka nemi sauƙin ba. A daidai shekarun nan François Couperin ke fitar da littattafansa huɗu na kiɗan hafsikod, na farko a 1713, na ƙarshe a 1730, Jean-Philippe Rameau ma yana nasa. Kiɗansu cike yake da ƙananan ado, yatsa ya kaɗa ya karkaɗa ya koma kafin ƙiftawar ido, kuma tunda hafsikod ba ya ƙara sauti don an danna shi da ƙarfi, duk gwanintar tana cikin lokaci ne: yaushe za a taɓa, yaushe za a saki, wane sauti za a ɗan jinkirta don ya sosa zuciya. Makaɗi irin wannan yana bukatar madannin da ke jin raɗa. Mawallafin kiɗa ya nema, maƙeri ya samar, abin da maƙerin ya samar kuma ya ba mawallafin ƙarfin gwiwar neman ƙari. Unguwa ɗaya ma suke. Cocin Saint-Gervais, inda zuriyar Couperin ta riƙe kujerar mai kaɗa ogan tun 1653, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙasa daga titin Verrerie.

Sai dai ga abin mamaki: babban kuɗin gidan Blanchet ba daga sababbin kayan da suka ƙera da sunansu yake shigowa ba. Attajiran Paris sun yi imani cewa da tsohuwar zuma ake magani. A wurinsu babu muryar da ta kai ta hafsikod ɗin gidan Ruckers na birnin Antwerp, a Beljiyam ta yau, waɗanda suka yi tashe daga ƙarshen ƙarni na 16 zuwa tsakiyar na 17, tare da danginsu na gidan Couchet. Matsalar ita ce kayan Ruckers sun yi wa sabon kiɗa kaɗan. Da yawansu madannai 45 gare su, kiɗan zamanin Sarki Louis na XV kuwa yana neman har 61. Wani zamanin da sai a jefar da tsohon a sayi sabo. Su ba haka suka yi ba. Sai a kawo tsohon Ruckers shagon Blanchet, a kwance shi gaba ɗaya, a buɗa akwatin a ƙara masa faɗi, a jona sabon katako a gefen tsohon allon amo da dabarar da ido ba zai gane mahaɗin ba, a tsawaita gadojin da tsirkiya ke hawa, a yi sababbin madannai, a sake fenti. Wani lokaci abin da ke saura na asali bai wuce tsakiyar allon amon da tambarinsa ba. Duk da haka sunan Ruckers yake amsawa, kuma farashinsa ninkin ba ninkin na sabo ne.

A gidan adana kayan kiɗa na Paris akwai guda da ke ɗauke da tarihin nan a jikinsa. Andreas Ruckers ya ƙera shi a Antwerp a 1646. Shagon Blanchet ya faɗaɗa shi a 1756. Magajinsu Pascal Taskin ya sake yi masa aiki a 1780. Shekara 134 tsakanin hannun farko da na ƙarshe, kuma kowane hannu ya girmama na gabansa. Ni dai ina ganin a nan ne girman gidan yake: mutum ya zuba iyakar gwanintarsa a aikin da sunan wani zai ci yabonsa, bai kuma yi ha'inci a aikin ba don wannan dalili.

Amma kada son su ya sa a rufe ido. Inda suna ke tsada haka, jabu ba ya nisa. Paris ta cika da Ruckers ɗin da ba su taɓa ganin Antwerp ba, ana ƙera sabo a manna masa tsohon tambari, ko a tattaro guntayen tsofaffin alluna a haɗa. Shagon titin Verrerie ma bai fita fes ba. A Edinburgh akwai hafsikod da Jean Goermans ya ƙera a Paris a 1764, wanda Taskin ya yi wa gyara wajen 1783. A wajen gyaran aka taɓa harafin G na tambarin ya koma C, don mai saye ya ɗauka aikin Couchet ne. Abin dariyar shi ne kayan Goermans ɗin ba ya bukatar aron sunan kowa, muryarsa ta isa ta sayar da shi. Masu kuɗin ne ke saye da ido a kan tambari.

Bayan hannu, abu na biyu da ya riƙe gidan shi ne aure. François-Étienne na farko yana da 'ya, Élisabeth-Antoinette, wadda aka haifa a 1729, ta tashi cikin ƙurar katako da ƙarar ɗaurin tsirkiya, ta zama gwanar hafsikod da ogan. A 1751 Armand-Louis Couperin, mai kaɗa ogan na Saint-Gervais, ya buga littafin kiɗansa wanda ya sadaukar ga Madame Victoire, 'yar sarki, ya kuma raɗa wa ɗaya daga cikin kiɗe-kiɗen suna La Blanchet. Shekara na zagayowa, a 1752, aka ɗaura masa aure da Élisabeth-Antoinette. Gidan da ya fi kowa iya ƙerawa ya haɗu da gidan da ya fi kowa iya kaɗawa. Ita kuma ba ta ajiye sana'a don ta yi aure ba. Mijin yana riƙe da kujerun ogan a coci fiye da ɗaya, in lokutan ibada suka ci karo ita da 'ya'yanta ke raba aikin da shi. Ta rayu har 1815, ɗansu Gervais-François ya riƙe Saint-Gervais har rasuwarsa a 1826, wanda ya cika wa zuriyar Couperin shekara 173 a kujera ɗaya.

A shekarun 1750 shagon ya samu laƙabin masu ƙera wa sarki hafsikod. François-Étienne na farko ya rasu a 1761, ɗansa mai sunansa ya gaje shi. Wannan na biyun bai yi tsawon rai ba, ya rasu a 1766 bai kai shekara 40 ba, ya bar mata da ƙananan yara, ɗansa Armand yana ɗan shekara 3. Gidaje da yawa a irin wannan gaɓa suke rushewa. Amma a shagon akwai wani ma'aikaci, Pascal Taskin, haifaffen ƙauyen Theux kusa da Liège a 1723, baƙo ne ba ɗan gado ba, shekarunsa sun haura 40 amma yana aiki a ƙarƙashin sunan wasu. Kafin shekarar ta fita ya auri matar maigidansa, ƙungiya ta karɓe shi, ya zama mai shago. Mai karatu na iya cewa auren lissafi ne, kuma da lissafi a ciki, don ta wannan ƙofa ce baƙo ke shiga sana'ar cikin sauƙi. Abin da ya biyo baya ne ya wanke shi. Ya riƙe marayan ya koya masa sana'ar ubansa. Ya kira ɗan ɗan'uwansa, Pascal-Joseph Taskin, daga ƙasarsu ya horar da shi, wannan kuma daga baya ya auri 'yar marigayi Blanchet. A farkon shekarun 1770 aka damƙa wa Taskin kula da kayan kiɗan fada, ɗan ɗan'uwan ya zauna a Versailles yana wannan hidima, shi kuma ya ci gaba da riƙe shagon Paris.

Taskin ya karɓi gidan a lokacin da iska ta fara juyawa. Tun wajen 1700 Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro fiyano a Florence ta Italiya, kayan da ke raɗa in an taɓa shi a hankali, ya yi ruri in an danna da ƙarfi. Ya daɗe bai karɓu a Faransa ba, amma a 1768 aka kaɗa shi a bainar jama'a a Paris, a dandalin Concert Spirituel. A wannan shekarar ce Taskin ya fito da amsarsa. Ya ƙara jeri na huɗu na siraran itatuwan, maimakon gashin hankaka ya sa musu fatar ɓauna mai laushi, wadda ke shafar tsirkiya maimakon fizgarta, sai murya ta fito a lulluɓe, mai taushi. Ya kuma sa wasu maƙalai a ƙarƙashin madannai da makaɗi ke turawa da gwiwa, yana ƙara jerin tsirkiya ko ya rage ba tare da ya ɗaga hannu ba, sauti ya riƙa hauhawa yana sauka. Armand-Louis Couperin, surukin gidan, ya rubuta kiɗa na hafsikod biyu musamman don wannan dabara. Tsofaffi suka yi murna. Voltaire ma, a wata wasiƙa ta 1774, ya kwatanta fiyano da kayan maƙerin tukwane in aka ajiye shi kusa da hafsikod.

Hikima ce babba, amma a ganina alamar faɗuwa ce. Ranar da sarki ya fara kwaikwayon tafiyar mai neman kujerarsa, magana ta ƙare. Taskin kansa ya gane haka, don bai tsaya jayayya da zamani ba, ya shiga ƙera fiyano, wasu daga cikin nasa na ƙarshen shekarun 1780 suna nan har yanzu. A 1777 wani saurayi daga Strasbourg, Sébastien Érard, ya ƙera fiyanonsa na farko a Paris, sunan da zai cika ƙarni mai zuwa.

Daga nan abubuwa suka zo a guje. A Fabrairun 1789 doki ya banke Armand-Louis Couperin a titi, ya rasu. Ranar 14 ga Yuli aka fasa kurkukun Bastille, juyin juya hali ya ɓarke, washegari Jacques Duphly, ɗaya daga cikin gwanayen hafsikod na ƙarshe, ya cika a Paris ba tare da birnin ya lura ba. A 1791 gwamnatin juyin juya hali ta soke ƙungiyoyin sana'a baki ɗaya, dokokin 1599 suka zama tarihi, kowa na iya buɗe shago. Ranar 21 ga Janairun 1793 aka fille kan Sarki Louis na XVI. Ranar 9 ga Fabrairu, ba a cika mako uku ba, Pascal Taskin ya rasu yana da shekara 69. Masu sayen kayansa wasu sun tsere ƙasashen waje, wasu sun bi sarkinsu. Hukuma ta tura wani mai goge, Antonio Bruni, ya bi gidajen da aka ƙwace yana rubuta kayan kiɗan da ya tarar, hafsikod gommai suka shiga jerinsa. Aka kwashe da yawa zuwa sabuwar makarantar kiɗa ta Paris, wadda aka kafa a 1795. A can suka yi ta shan ƙura, don ɗalibai fiyano suke so. Marubutan tarihin kiɗa sun ruwaito cewa a 1816 aka faskara wasunsu aka hura wutar ɗumama azuzuwa. Katakon da aka yi shekara ɗari da wani abu ana lallaɓawa, busasshe ne ƙwarai, ba shakka ya ci wuta da kyau.

Gidan bai mutu da kayan ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Armand Blanchet, marayan da Taskin ya rena, ya zama mai ɗaure wa makarantar kiɗan tsirkiya, ya kuma wallafa ɗan littafi kan yadda ake daidaita muryar hafsikod da fiyano. Ya rasu a 1818. Ɗansa, wanda aka mayar wa sunan kakan kakanni, Nicolas, ya haɗa gwiwa da Jean Roller, a 1827 suka nuna fiyano mai tsayuwa a jikin bango, wanda ya dace da ƙananan ɗakunan 'yan kasuwa da ma'aikatan da suka maye gurbin masu sarauta. Ɗan wannan Nicolas ɗin ma ya ci gaba da sana'ar, ya cika zuriya shida. Ta ɓangaren Taskin kuwa jini ya karkata ga kiɗan kansa: Henri-Joseph Taskin ya zama mawallafin kiɗa, jikansa Émile-Alexandre Taskin ya yi suna a matsayin mawaƙi a gidan wasan Opéra-Comique.

A hannun waɗannan zuriyar Taskin wani hafsikod guda ya tsira, wanda Pascal Taskin ya ƙera a 1769. Ba shi da fatar ɓauna, ba shi da maƙalan gwiwa, ba a manna masa sunan Ruckers ba. Koren fenti ne da layukan zinariya, hawa biyu, jerin tsirkiya uku, aikin gida tsantsa yadda Blanchet suka koyar. A 1882 Louis Tomasini ya gyara shi, kamfanonin Érard da Pleyel suka duba shi suka ƙera nasu sababbi don babban baje kolin Paris na 1889, wanda aka gina hasumiyar Eiffel dominsa. Louis Diémer ya kaɗa tsofaffin kiɗe-kiɗe a wurin, mutane suka ji muryar da kakanninsu suka watsar. Sai dai masu ƙera fiyano ne suka yi farfaɗowar, da tunanin fiyano. Wanda Pleyel ya yi wa shahararriyar makaɗiya Wanda Landowska a 1912 ƙato ne mai nauyi da matakan ƙafa, daga baya har aka sa wa irinsa ƙarfe a ciki. Ita ta dawo wa hafsikod da martabarsa a duniya, wannan ba a ƙwace mata, amma da Nicolas Blanchet zai tashi ya taɓa kayanta da wuya ya gane ɗan gidansu ne.

Sai a 1949 wasu samari biyu 'yan Amurka, Frank Hubbard da William Dowd, suka buɗe shago a Boston da niyyar komawa ga tsohuwar hanya. Hubbard ya zaga Turai yana auna tsofaffin kaya, yana tono takardun rabon gado na maƙeran Paris, inda aka lissafa katako da kayan aiki da abin da aka tarar a shago ranar da maigida ya rasu. A 1965 ya fitar da littafinsa kan tarihin sana'ar, ya kuma riƙa sayar da hafsikod a warwatse cikin akwati, mai saye ya haɗa da kansa a gida, an kwaikwayi na Taskin na 1769. Dowd ya jingina da yawan aikinsa ga na Blanchet na 1730, a farkon shekarun 1970 kuma ya buɗe reshe a Paris tare da Reinhard von Nagel. Sana'ar ta zaga ta Boston ta dawo garinsu. Kayan da attajiran da suke rainawa don ba su da tambarin Antwerp, su ne suka zama abin koyi, har ana cewa babu hafsikod a duniya da aka kwaikwaya kamar na 1769. Gashin hankaka ne kawai bai dawo sosai ba. Yawancin na yanzu da roba ake yi musu mafizgi don ta fi ƙarko, ko da yake akwai masu taurin kai da har yau suke feren gashin tsuntsu, kuma ina tare da su.

Na 1769 ɗin yana St Cecilia's Hall a Edinburgh, cikin tarin Raymond Russell da aka ba jami'ar birnin, kusa da na Goermans mai tambarin aro, kuma har yanzu yana kiɗa. Na 1765, daga hannun François-Étienne na biyu shekara guda kafin rasuwarsa, ya yi nisan zango, yana gidan adana kayan kiɗa na Hamamatsu a Japan. Wanda ba shi da halin zuwa ko ɗaya, ya nemi La Blanchet ta Armand-Louis Couperin a intanet, amma ya tabbatar a hafsikod aka kaɗa ta, ba a fiyano ba.